Wutar Atam da Hular Mai Majigi

Ranar da motar majigi ta shigo Kalgo, Rahmatu na bakin fili tana suyar kifi. Itacen ɗanye ne. Hayaƙi ya cika mata ido, hawaye na zuba, tana sharewa da gefen zane.

Wani saurayi ya sauko daga motar, dogo, da farar riga da jar hular dara wadda ya danna har kusa da gira. Ya zo ya tsaya a gabanta.

"'Yammata, wa ya taɓa ki?"

"Hayaƙi," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Wanne za a ba ka?"

"Mai zafi. In an jima ki juyo ki dubi allo. Yau za ki ga wutar da ba ta hayaƙi."

Sai ta ɗago ta dube shi. "Wuta ba hayaƙi? Malam, ka sha rana a hanya."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, ta rufe baki. Sunansa Abdulgani, mutumin Gwandu, shi ne tafintan majigi. Hoto na tafiya a allo, shi kuma yana bayani da lasifika.

Da aka idar da sallar isha'i aka ta da inji. Gari ya taru. Aka nuna yadda ake shanya fata, aka nuna dambe, yara suka yi ihu. Daga nan sai ga wani ƙaton gida a Ingila, ga wata mata a ɗakin girki ta murɗa wani abu, tukunya ta hau tafasa. Ba itace, ba toka, ba mafici.

"Jama'a," in ji Abdulgani, "wagga wuta ba ta cin itace, ba ta cin gawayi, ba ta turnuƙe sama. Daga wancan gida take fitowa ta bi waya. An ce nan gaba za a ƙera ƙanana, ba su fi rumbu ba. A ajiye ɗaya Kalgo, a ajiye ɗaya Gwandu, a bar itatuwa su huta."

Rahmatu ta manta da kasko. Innarta Hajjo ta tuna, wadda tari ke tayarwa kafin ladan, wadda idonta ya dushe a bakin murhu. Ta tuna da nisan da mata ke yi yanzu, har wajen Dangoma, kafin su haɗa dami guda.

"Sunanta atam," in ji Abdulgani.

"Mi ka ce?"

Muryar ta fito daga tsakiyar taro. Rahmatu ta san ta. Mahaifinta ne, Saje Bawa, tsohon soja, wanda ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama. Ya miƙe tsaye, inuwarsa ta rufe rabin allo.

"Yaro, ka san abin da kake kira? Muna Bama aka jefa ta Japan. Gari guda, da mata da yara da dabbobi, ƙiftawar ido. Waɗanda suka tsira, an ce gashin kansu ya zube, daga baya suka bi sauran. Ita za ka ajiye muna kamar rumbu?"

Fili ya yi tsit. Sai gurnanin inji.

"Ai ga ta nan cikin mota!" wani ya ƙwala. "Ba ku ji tana ruri ba?"

Atiku ne, mai sayar da kananzir a kasuwa, wanda ya daɗe yana zarya ƙofar gidan su Rahmatu ba ta ba shi fuska ba.

Abin da ya biyo baya, tsofaffin Kalgo ba su taɓa ganin irinsa ba. Mata suka suri 'ya'ya, wasu suka suri na wasu. Masu talla suka watsar da faranti. Wani gurgu ya riga kowa isa gida. Kafin a kashe inji, ba kowa a fili sai takalma da tabarmi.

Sai Rahmatu.

"Ke ba ki gudu ba?" in ji Abdulgani.

"In bar wa wa kaskon? Mai na tafasa." Ta dube shi. "Gaskiya ce, wutar nan?"

"Gaskiya ce. Amma ba ta cikin motar nan. Injin namu fetur yake sha. Sansana hannun rigata."

Ta sansana, ta yamutsa fuska. "Wanga ya fi murhuna wari."

Shi ya ɗaukar mata kasko har kusa da gida.

Tun daga nan, duk sanda motar majigi za ta wuce Birnin Kebbi, sai ta sami dalilin lalacewa a Kalgo. Sauran lokaci kuwa Goggo Lami, ƙanwar Saje, mai fataucin busasshen kifi zuwa kasuwar Gwandu, ita ke ɗaukar saƙo a ƙasan kwando. Rahmatu ta yi ajin Yaƙi da Jahilci, tana haɗa baƙi a hankali.

"Haskena," Abdulgani ya rubuto, "jiya a Masama na nuna majigi, na yi ta duban bakin fili ko zan ga mai kuka da hayaƙi. Ban gani ba. Kifinsu ma ba daɗi."

Ta mayar masa: "Mai Hula, ka ci abinci ko ba daɗi. Inna ta ce in tambaye ka, wutar nan tana dafa tuwo, ko sai abincin Turawa?"

Mai Hula take kiransa, don ba ta taɓa ganin kansa a buɗe ba. Ko zafin bazara ya kai ina, darar nan na nan daram. In lokacin salla ya yi, sai ya ɗauki buta ya zaga bayan katanga. Ta ɗauka tsabar kunya ce irin ta 'ya'yan malamai.

Ranar da ya je gaida Saje Bawa, tana laɓe a bayan zana tana ji.

"Injinka na san shi," in ji Saje. "Na kwana kusa da irinsa. Fetur ne. Ba shi ne damuwata ba. Ka tsaya gaban jama'a ka ce abin da ka faɗa ƙarya ne."

"Baba, wadda aka jefa Japan da wadda ke dafa abinci asalinsu ɗaya, ban musa ba. Tsoronka gaskiya ne. Amma ban yi ƙarya ba, ba zan ce na yi ba."

"Ko don Rahmatu?"

"Ko don ita, Baba. In na yi maka ƙarya yau, gobe da wane baki zan ce maka tana lafiya?"

Saje ya ce, "Turo magabatanka."

Rahmatu ta shige ɗaki ta faɗa jikin Hajjo.

Baffansa Sule ya zo da goro, da rawaninsa fari tas. Aka karɓe shi da mutunci. Magana ta kusa ƙulluwa.

Sai ranar kasuwa. Abdulgani na tsaye gaban kaskon Rahmatu suna hira. Atiku ya taho ɗauke da dogon damin kara a ka. Ya daɗe yana lura da mutumin da ba ya alwala a gaban mutane. Da ya zo daidai da su, sai ya juya kamar an kira shi. Bakin karan ya kwashe dara, ta yi sama, ta faɗa cikin kwandon barkono.

Rahmatu ta saki matsami.

Ba askin wanzami ba ne. Tun daga goshi har ƙeya ba gashi ko ɗaya, fatar na sheƙi a rana, sai ɗan zagaye a bayan kunne. Kan dattijo a wuyan saurayi.

"Innalillahi!" in ji wata mai daddawa. "Ta ci shi!"

"Gashin kansu ya zube," in ji Atiku da ƙarfi. "Haka Saje ya ce ko ba haka ba?"

Kasuwa ta dare. Wanda ya gaisa da shi da safe ya ruga bakin rijiya yana dirje hannu da ƙasa. Maza suka shiga cusa yatsu ƙarƙashin hula suna lalube. Abdulgani ya ɗauki dararsa da barkono a ciki, ya kifa a ka. Bai iya duban Rahmatu ba. Ita kuwa ta zauna a ƙasa.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Aka ce ba injin ba ne, hoton ne. Ai a cikin gidan atam aka ɗauko shi, kuma yaron nan kullum yana rungume da gwangwaninsa. Duk matar da aka tsefe wa kai ta ga gashi a matsefi sai ta fasa kuka. Mai unguwa ya aika a gaya wa direba kada motar ta ƙara tsayawa Kalgo.

Abdulgani ya je ya durƙusa ƙofar gidan Saje. Saje ya ja tabarmarsa baya.

"Baba, gado ne. Haka mazan gidanmu suke. Kunya ta sa na ɓoye."

"Na ga Baffanka. Ban ga kansa ba."

"Ba su buɗewa, Baba."

"To. Ubanka ya zo nan, ƙofar gidana, ya kwance rawani da rana tsaka. In gani, jama'a su gani. In ba haka ba, kada ka ƙara takowa."

Waɗanda ke wurin suka dubi juna. Kowa ya san Malam Umaru na Gwandu, mai ɗalibai masu furfura. Tun ranar da aka naɗa masa rawani ba wanda ya ga kansa. A ce wa dattijo irinsa ya tuɓe a bainar jama'a, gara a mare shi. Saje ya san haka.

Ya shigo gida ya tarar da Rahmatu ta haɗa kai da gwiwa.

"Ɗiyata," ya ce, "ba zan ba ki wanda ba ki so ba. Atiku ya kawo goro, na ce ya kwashe abinsa. Amma ba zan ba ki gawa ba. Na binne samari da yawa da hannuna."

Abin da ya fi ci mata rai, ita ma ba ta sani ba. In gado ne, me ya sa ya ɓoye mata? In ba gado ba ne fa?

Goggo Lami ta dawo daga Gwandu da 'yar takarda.

"Haskena, wallahi lafiyata ƙalau. Amma bakina ba zai iya ce wa Malam ya kwance rawani ba. Ki yafe mini."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta ɗauki fensir.

"Mai Hula, ka tsaya gaban garinmu duka ka kare wutar Turawa. Ka kasa tsayawa gaban mutum ɗaya ka kare ni?"

Amsa ba ta zo ba. Kasuwa ta ci, ta sake ci, shiru.

Ranar da Goggo Lami ke ɗaure kwandunanta, Rahmatu ta ɗauki ɗaya ta aza a ka.

"Ina zuwa?"

"Taya ki talla, Goggo."

"Rahmatu, kin san abin da za a ce? Budurwa ta kai kanta gidan surukai?"

"A ce."

Motar kasuwa ta sauke su Gwandu. Suka yi sallama gidan Malam Umaru kamar masu talla. Inna Salamatu, mahaifiyar Abdulgani, ta fito tana juya kifi tana taya shi. Rahmatu ta durƙusa, ta faɗi sunanta.

Kifin ya suɓuce daga hannun tsohuwa. "Ke ce? Da ƙafarki? La'ilaha illallahu!"

"Inna, ba aure na zo roƙo ba. Abu guda nake so ki gaya mini. Mutuwa zai yi?"

"Wa?"

"An ce atam ta ci kansa."

Inna Salamatu ta dube ta. Sai ta fashe da dariya, ta dafa turmi, har hawaye.

"Wayyo ɗiyar nan! Ni ranar da aka kawo ni gidan ga, da Malam ya warware rawani, na zaci ƙwarya aka kife masa. Na yi kwana ina kuka. Yau ga ni da 'ya'ya da jikoki."

Aka yi gyaran murya daga cikin turaka. Dariya ta ɗauke.

"Wace ce?"

"Ɗiyar Sajen Kalgo ce, Malam."

Rahmatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Yarinya, mi ake yi wa ɗana a garinku?"

"An daina ba shi hannu, Malam. In ya sha ruwa, fasa moɗar ake yi."

"Bai gaya mini ba."

"Ya ce bakinsa ba zai iya ba."

"Ke naki ya iya."

Sai Malam ya ce, "Ku gaida gida." Shi ke nan.

A mota ta yi ta kuka. Ta zubar da mutuncinta, ta kuma ɓata wa dattijo rai. Da Saje ya ji inda ta je, bai dake ta ba, bai yi faɗa ba. Ya daina amsa gaisuwarta kawai.

Ranar kasuwa ta zagayo. Hantsi ya ɗaga, sai ga mota ta tsaya bakin tasha. Dattawa masu rawani suka sauko. Malam Umaru a gaba, Baffa Sule a bayansa, da wani ƙaninsu, suna riƙe da wani tsoho tukuf mai sanda. Abdulgani na can baya, kansa a ƙasa. Ba su tambayi hanya ba sai ta gidan Saje Bawa. Kasuwa ta watse ta bi su.

Rahmatu ta manna ido a ɓular zana.

Aka shimfiɗa tabarmi. Aka gaisa a taƙaice.

"Kai ne Saje?"

"Ni ne."

"An ce kana son ganin kaina."



Malam Umaru ya ɗaga hannu ya zare bakin rawani. Wani ɗalibinsa da ya biyo su ya ce, "Malam, don Allah!" Bai kula shi ba. Ya shiga warwarewa a hankali, zagaye bayan zagaye, yadin na taruwa a cinyarsa. Mata suka rufe fuska, suna leƙe ta tsakanin yatsu. Ya cire hular ciki ya ajiye.

Rana ta daki kan, ya yi wal.

Baffa Sule ya warware nasa. Ƙaninsu ya warware. Aka taya tsohon nan cire nasa.

"Wanga ƙanin mahaifina ne," in ji Malam Umaru. "Tun kafin Turawa su zo kansa yake haka. Bai taɓa ganin majigi ba. Jikokinsa sun cika unguwa guda. Abdulgani, zo nan. Cire."

Abdulgani ya zo ya durƙusa a ƙarshen layi, ya cire dara. Kawuna suka jeru iri ɗaya, kamar daga gona ɗaya aka ciro su.

Sai tsohuwar nan mai daddawa ta ce, "Yo ni fa! Ai marigayi uban Atiku ma haka kansa yake!"

Dariya ta ɓarke. Aka waiga neman Atiku, ya riga ya sulale, hannunsa dafe da hula.

Saje Bawa bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ƙame kamar a fagen fareti. Sannan ya durƙusa, ya tattara bakin rawanin da ya taɓa ƙasa, ya kakkaɓe, ya miƙa da hannu biyu.

"Malam, rufe. Na ci mutuncinka."

"Ka ji tsoro don ɗiyarka. Ita ma ta ji tsoro don ɗana, ta tako har gidana ta tambaya. Ku duk garin ga ba wanda ya tambaya. Ita ta kawo ni."

Saje ya share ido da bayan hannu. "Na ba shi. Ku shaida." Ya juya ga Abdulgani, ya nuna shi da yatsa. "Amma atam, ban yarda ba."

"Ni ma ban yarda ba," in ji Malam Umaru yana naɗi. "Ni ko fitilar ƙwai ban gama yarda da ita ba."

Sai aka ji tari daga cikin gida, aka ji muryar Hajjo, wadda maƙwabta ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Ku da ba ku hura wuta! In ta zo, ni a fara kawo mini!"

Saje ya daskare. Matan da ke waje suka rangaɗa guɗa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. A cikin kwanakin biki mata suka aika wa mai unguwa cewa suna son a sake nuna hoton nan. Aka nuna. Mata suka cika gaba, har da Hajjo, suna ta tambaya, wa zai tsare ta, in ta ɓaci wa zai gyara, tokarta ina ake zubarwa. Abin da Abdulgani ya sani ya faɗa, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Maza suka tsaya can baya, kowa hannunsa a kan hula. Saje na cikinsu. Bai zauna ba, amma bai tafi ba.

Aka kai amarya Gwandu. Ranar da ta fara girki, itacen ɗanye ne. Ta durƙusa tana hurawa, hayaƙi ya turnuƙe, hawaye suka zubo. Sai ta ji mutum ya tsuguna kusa da ita.

"'Yammata, wa ya taɓa ki?"

"Kai ne. Ina wutar da ka yi mini alkawari?"

"Tana hanya, Haskena. Ƙila sai 'ya'yanmu. Ƙila jikoki."

"To kafin nan fa, Mai Hula?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya cire darar nan, ya shiga fifita murhu da ita, kansa na sheƙi a tsakar gida. Inna Salamatu ta fito da ƙwarya, ta gan su, ta yi salati, ta koma ɗaki da baya.

Wuta ta kama.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya albarkace su da zuriya, masu gashi da marasa shi.